Hoton da Na Ƙi Yi wa Wanka

'Ya'yana, na san abin da ake gaya muku in kun je gaisuwar Salla gidan baffanku a unguwar Talaje. Ana cewa ubanku Lawali taurin kai ne ya fitar da shi daga shagon wansa, ya kwashe ku ya kai ku unguwar Bobiyel tun babu komai can sai yashi da kangaye. Taurin kan na yarda, ina da shi, ba kuma yau na fara ba. Amma ba a taɓa gaya muku a kan me na yi shi ba, waɗanda suka san zancen kuwa sai ƙarewa suke. To ku ji daga bakina, in ya so kowa ya yanke nasa hukunci.

Baffanku Alhaji Mamman shi ya raine ni. Da mahaifinmu ya rasu a ƙauyenmu na arewacin Maraɗi, shi ya ɗauko ni ya kawo ni Yamai, ya sa ni lakwal, makarantar boko, ya saya mini takalmin farko da na taɓa sawa. Ko sau ɗaya ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya nake ce masa har ya koma ga Allah. Na yi shekaru ina koyar da lissafi, daga baya ya ce in aje alli in zo mu riƙe shago tare, na zo. Shagon buga hoto ne a bakin titi nan Talaje: hoton biki, hoton suna, kalanda, allon talla na 'yan kasuwa. Shi ke gaba yana karɓar mutane, don Allah ya ba shi baki mai daɗi, da Hausa da Zabarmanci duka. Ni ina ciki gaban ordinater, wato kwamfuta, ni da launi.

Akwai wata al'ada da kowane shagon hoto na garin nan yake yi, mu ma muna yi, ana ce mata wanka. Ba a miƙa wa mutum hotonsa yadda kamara ta ɗauke shi. Sai an ƙara wa fata haske da sheƙi, an mai da gashi baƙi wuluk, an zuba wa ganye kore, an goge furfurar ƙafa da kaushin fuska. Amarya ta zo ta karɓa ta yi ta murmushi, uwar ango ta ce Allah ya yi albarka. Ban taɓa ganin laifin wannan ba, har gobe ban gani ba. Mutum ya yi kwalliyarsa ranar farin cikinsa, rana ta dake shi, ƙura ta bi shi, mene ne in ka mayar masa da abin da ya fito da shi daga gida?

Aikin launi kuwa, bari in warware muku shi, don ku da kuke danna salula kuna tsammani hoto haka nan yake faɗowa daga sama. Kamara da yadda take ganin ja. Gilashin ordinater da yadda yake nuna shi. Injin bugawa da tawadarsa da takardarsa su ma da nasu jan daban. In ba ka tsaya tsakaninsu kamar tafinta ba, atamfar da aka saya shuɗiya sai ta fito a takarda ruwan toka, mai ita ta zo ta cika maka shago da masifa. Shi kuwa hoto ɗige-ɗige ne barjat, kowane ɗigo sai an yi masa lissafinsa kafin ya tashi daga launin kamara ya koma launin takarda. Ƙwaƙwalwar ordinater ita kaɗai ke wannan aiki, ɗigo bayan ɗigo, kamar mace ɗaya da turmi ɗaya an ce ta daka wa gari tuwon biki. Babban hoto guda sai ka dafa shayi ka sha bai gama ba. Ga kuran, wutar lantarkin nan tamu, a lokacin zafi ba ta da alkawari. Kana tsakiyar aiki sai ɗif, ka koma farko. Wallahi akwai ranar da na cire takalmi na jefi bango don haushi.

Mafita ta zo mini daga inda ban zata ba. Akwai wani kati da ake sawa cikin ordinater don masu wasan tseren mota da na ƙwallo, kart girafik ake ce masa. Na karanta cewa a cikinsa akwai ƙananan ma'aikata masu ɗimbin yawa, ba wanda ya kai babbar ƙwaƙwalwa wayo, amma duk tare suke aiki, kamar gayya a gona. Na ce to, me zai hana in raba musu ɗigon hoton kowa ya ɗauki nasa? Sai na zauna na yi lissafin launuka sau ɗaya tak, na jera su a jadawali: wannan ja in ya shigo, ga abin da zai zama a takarda, wannan kore, ga nasa. Na loda jadawalin cikin katin. Launin da ya faɗo tsakanin biyu, katin ya kimanta shi daga maƙwabtansa. Da farko fuskokin mutane suka riƙa fitowa dabbare-dabbare, na rasa dalili. Ashe tsarin da na kwaikwaya ya cika ma'auni a wajen launuka masu haske, ya bar masu duhu da ɗan kaɗan, mu kuwa fatarmu can wajen duhun take zaune. Na sake rabon, na cika wajen duhu, fuska ta fito sumul. Ranar da ya yi aiki, na kira Yaya na ce ya tsaya ya gani. Na danna, kafin ya gyara hularsa hoton ya juye.

"Kai, Lawali! An gama?"

"An gama, Yaya."

"Sake in gani. Ko dai wayo kake mini?"

Na sake. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya fita bakin titi yana gaya wa mai gyaran babur cewa ƙanensa ya sa abin wasan yara yana noma. Jadawali biyu na yi. Ɗaya na wanka, wanda muke kira na biki. Ɗaya kuma na ainihi, wanda ba ya ƙari ba ya ragi, abin da ido ya gani a wurin shi takarda za ta nuna. Na ainihin don 'yan kasuwar atamfa na yi shi, su da ba sa son a taɓa musu launin kaya.

Sai ga shekarar nan ta fari. Damina ta yanke tun hatsi bai yi ido ba, rumbuna suka wayi gari wayam. Da zafi ya shigo, mutanen karkara suka fara cika Yamai, mata da goyo a bakin kasuwa, shanu ana sayar da su kamar kyauta don ba mai iya ciyar da su. Har masu lambun Gamkalle suna kukan kogi ya ja baya. A cikin haka soja suka karɓi mulki. Kafin zuwansu, kalmar yunwa ba a faɗinta da ƙarfi; ƙarancin cimaka ake cewa, a kuma waiga a ga wa ke ji. Da suka zo aka ce a faɗa, a nemi taimako. Amma bakin da ya saba rufewa ba ya buɗewa rana ɗaya, kowa yana tunanin in gobe iska ta juya fa.

Wata safiya wata mata ta shigo shago, Madam Ramatu, ma'aikaciyar jinya ce da ke aiki da wata ƙungiya mai ciyar da yara. Sun zagaya ƙauyuka sun ɗauko hotuna tuli, da kamara iri-iri, har da na salula. Za a yi taro da masu ba da taimako ranar Asabar, ana so a buga su manya a rataye a zauren taron. Duk shagon da ta je sai a ce mata sai bayan sati biyu, saboda kuran. An ce mata a Talaje akwai mai injin da ba ya jira. Kafin ta tafi ta juyo ta dube ni.

"Malam, don Allah kada a gyara komai. Launin gashin yaran da na fatarsu shi ne shaidarmu. Likitocin da za su zo da ido suke karantawa."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Na fara buɗe hotunan, Yaya yana tsaye bayana yana jan carbi. Gonaki ne ƙurmus, rijiyoyi, gawar shanu a gefen hanya. Sai yara. Ku da kuka tashi cikin ƙoshi ba ku san wannan ba, Allah kada ya nuna muku: yaro in yunwa ta daɗe a jikinsa, gashinsa yakan bar baƙi ya koma jaja-jaja kamar gashin masara, ya yi laushi, fatarsa ta yi fari-fari tana saɓa. Muna cikin wucewa sai na ji carbin ya tsaya. A gilashi ga ƙanwarmu Hadiza, gwaggonku, zaune a ƙofar ɗakin da aka haife mu, ta rungume jikarta Nana. Yarinyar ba ta daɗe da yaye ba. Kanta ja.

Yaya ya jawo kujera ya zauna.

"Sa mata na biki in gani."

Na sa, don ya gani ɗin. Ƙiftawar ido gashin ya koma baƙi, fatar ta yi sheƙi, har busasshen karan da ke bayan ɗaki ya ɗauko kore-kore. Yarinya ta zama 'yar siririya kawai, irin wadda za ka ce ba ta son cin abinci. A lokacin na gane abin da na ƙera da hannuna. Da can da aiki ke tafiyar hawainiya, kowane hoto sai ka zauna da shi, ka dube shi ya dube ka. Yanzu da dannawa ɗaya zan iya wanke yunwa daga kan yaran ƙasa guda kafin shayi ya tafasa.

"Haka za ka buga," in ji Yaya. "Duka."

"Yaya, ka ji abin da matar nan ta ce."

"Na ji. Ita ba jikarta ba ce. Za a rataye jininmu a bango, Turawa da manyan gari suna wucewa suna nunawa da yatsa. Gobe a kasuwa a ce Alhaji Mamman yana Yamai da shago da mota, ga dangi can gashinsu ya yi ja. Ni da na aika musu hatsi tun kafin azumi! Ina rufin asiri, Lawali?"

Gaskiya ne ya aika, ba zan ci haƙƙinsa ba, ni na kai buhunan tasha. Amma Hadiza ba za ta dafa tuwo ta ci maƙwabta suna kallo ba, duk wanda ya san ta ya san haka. Hatsin gida ɗaya ya shiga gida goma, ya ƙare. Na gaya masa haka. Ya ce to a cire wannan hoton kaɗai. Na ce ba namu ba ne da za mu cire. Ya ce kuma ka san wa zai hau mulki bayan sojan nan, ka san ko za a zo a tambayi wane shago ya buga wa ƙasa abin kunya? Na ce duk wanda ya zo a nuna masa ni.

Da la'asar na kira ƙauye. Salula ɗaya ce a garin, ta mai shagon bakin masallaci, sai da aka aika aka kira Hadiza. Na gaya mata an kawo mana hotonta da Nana, na ce za a rataye shi gaban mutane, in ba ta so ta faɗa mini yanzu, ni da kaina zan je in roƙi Madam Ramatu. Muryarta ta yi nisa, amma na ji ta sarai.

"Lawali, ni na riƙe ta aka ɗauka. Da ina son in ɓoye, ba ni da kallabi ne? Ni na cire mata hula na ce su duba. Ka buga. Yara biyu muka binne satin nan a unguwarmu."

Na koma na faɗa wa Yaya kalma da kalma. Ya ce mace cikin tashin hankali ba ta san abin da take faɗi ba, shi ne babba, shi zai yanke. A nan ne raina ya ɓaci, na kuma ɗaga murya a gabansa, abin da ban taɓa yi ba tun ina yaro. Na ce wane irin girma ne za a shafa wa yunwa mai a ce lafiya? Na ce kunyar da kake ji a kasuwar Yamai ita ta fi, ko ramin da ake tonawa a ƙauye?

"Injin bugawa nawa ne," ya ce. "Katin naka ne. In ka buga yadda kake so, ka aje mini makulli."

Da na koma gida uwarku Zainabu ta riga ta ji, don a gida ɗaya muke da su Yaya, katanga ma babu tsakani. Tana tankaɗe ba ta ɗago ba.

"Malam, ba ka yi ƙarya ba. Amma mutumin nan uba ne a gare ka. Ba ka iya faɗin gaskiya a zaune ba, sai a tsaye?"

"Na faɗa a zaune bai ji ba."

"To ina za mu da yaran nan?"

"Bobiyel."

"Kangon nan naka da ko ƙofa babu? Tabɗi!"

Ta ci gaba da tankaɗenta, amma na ga tana share ido da gefen zane, abin ya kuma soke ni.

Washegari Juma'a kuran bai zo ba tun safe. Na zauna a shago cikin zufa, takardu a jere, tawada cike, ina jira. Yaya yana kan bencinsa a waje. Muka je masallaci muka dawo, kowa da hanyarsa. Sai bayan an sauko fanka ta motsa. Na san kuran ba zai daɗe ba. Na leƙa waje na ce masa:

"Yaya, zan buga. Da na ainihi."

Ban yi a ɓoye ba, ku riƙe wannan, don na ji ana cewa wai na faki idonsa. Ƙarya ne. Yana zaune, ƙofa a buɗe, yana jin ƙarar inji. Da ya so da ya taso ya zare waya daga bango, hannunsa zai kai. Bai taso ba. Na loda jadawalin, katin ya juye hotunan gaba ɗaya, aikin da da can zai ci mini kwanaki. Saura ya rage ga injin bugawa, yana turo su ɗaya bayan ɗaya ina shimfiɗawa a kan tebur da ƙasa su sha iska. Na Hadiza ya fito wajen ƙarshe. Na ɗaga shi na kai bakin ƙofa inda hasken rana yake, na duba da kyau. Jan yana nan yadda yake, ban ƙara masa ba, ban rage ba. Ba a jima ba kuran ya ɗauke.

Madam Ramatu ta zo da mota ta kwashi kayanta. Da ta tafi na kwance ordinater na zare katina, na naɗe shi a tsumma. Na fito na durƙusa gaban Yaya kamar yadda na saba, na aje makulli a gefen bencin. Na yi tsammanin zai yi faɗa, ko ya ce in ɗauki abina in daina shirme. Bai ko kalli makullin ba.

"Allah ya ba da sa'a," ya ce, kamar yana sallamar baƙo.

Wannan kalma ta fi mini mari zafi, har yau ina jin ta.

Kun san sauran, wasunku sun isa tunawa. Tabarma muka rataya a madadin ƙofa. Ruwa sai an sayo daga masu tura baro. Na koma ina bin shagunan mutane da katina a jaka, ina gyara musu launi ana sallamata, ni da nake da kujerata. Kun rabu da 'yan'uwanku da kuke cin tuwo a akushi ɗaya, babbarku ta yi wata guda ba ta yi mini magana ba. Wannan duk ni na jawo muku, na sani, ban kuma ce ba ku sha wuya ba. In kuna jira in ce muku hoton ne ya kai abinci ƙauyenmu, ba zan faɗa ba, don ban sani ba. Motocin abinci sun je, sun kuma je garuruwan da ba a ɗauki hotonsu ba, wasu garuruwan kuma ba su je ba sam. Nana ta rayu, wasu ba su rayu ba. Ni abin da na sani, an ba ni amanar launi, mai abin ta ce in nuna, na nuna. Ko yau aka dawo da ranar, wallahi haka zan sake yi.

Ni da Yaya muka koma sai gaisuwar Salla da ta'aziyya. Ina zuwa in durƙusa, ya amsa, ya tambayi yara, shi ke nan. Mutane sun shiga tsakani, limamin unguwa ma ya kira ni. Kowa magana ɗaya: je ka ce ka yi kuskure, kalma ɗaya ce, a wuce wurin. Na ce zan ba shi haƙurin ɗaga murya, wannan na riga na bayar tun a satin. Amma in ce bugawar kuskure ce, bakina ba zai iya ba. Shi kuma ita yake jira.

Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani aka aiko mini. Na same shi kwance a ɗakinsa na Talaje, ya rame ƙwarai, mutumin da muryarsa ke cika titi. Ya buɗe ido ya gan ni tsaye a bakin ƙofa.

"Lawali. Ka zo ka ce ka yi kuskure?"

Ɗakin cike yake da mutane, kowa ya zuba mini ido. Matarsa tana yi mini alama da kai in ce e. Zuciyata kamar ta fashe, don ina son mutumin nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

"A'a, Yaya. Na zo duba ka."

Sai na ga kafaɗarsa tana motsi, na ɗauka tari ne. Ashe dariya yake.

"Ja'iri," ya ce. "To shigo mana, ka tsaya kamar baƙo. Zo ka ɗaga ni, ƙishirwa nake ji."

Na zauna a bakin gado, na sa hannu na tallafo kansa a ƙirjina, na riƙe masa kofi ya sha. Bai ce na yi daidai ba, ban ce na yi kuskure ba. Ban bar gidan ba sai da muka kai shi makwancinsa.